Sidi ya yi ƙarfi, mai gida kuma hayar shekara biyu yake nema

Tela na Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Iyaye da yayye, a yi haƙuri da tsawon magana, abin ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Shekara tara ke nan ina zaune a ciki da falo a nan Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, ni da mai ɗakina da 'ya'ya huɗu da mahaifiyata. Daren Talata bayan isha'i mai gidanmu ya yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa muka gaisa, sai ya ce haya ta tashi daga sidi 350 zuwa 550 a wata, kuma na shekara biyu yake so a dunƙule kafin ƙarshen watan gobe. Sidi 13,200 ke nan. Da na faɗa wa tsohuwa sai ta ce in lissafa mata da tsohon kuɗi. Na ce miliyan 132. Ba ta ce uffan ba, ta jawo carbinta.

Abin da na mallaka sidi 9,000 ne, kwasar adashin da na yi wata 18 ina zubi. Niyyata in sayi keken aikin wuyan riga kafin azumi, don duk kaftanin da na ɗinka sai na ɗauka na kai unguwar Alabar a yi masa aiki, rabin ribar can take tsayawa. Da keken ya shigo shago, yaran nan biyu da ke koyo a hannuna da ɗayansu ya zauna a kansa, in fara ba shi abin da zai riƙe kansa. Yanzu in na kwashe kuɗin na ba mai gida, babu keke, kuma saura 4,200 da ban san inda za su fito ba.

Kullum a rediyo ana faɗa mana ƙasa ta farfaɗo. An ce hauhawar farashi da ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamban 2022 ta sauko zuwa kashi 8 a Oktoban 2025. Dala da muka sani sama da sidi 15 a farkon 2025 ta dawo wajen 11 kafin ƙarshen shekarar. Ban ƙaryata ba, shadda da zare sun ɗan sassauta a kasuwar Kejetia, na gani da idona. To me ya sa haya ita ba ta ji labari ba?

Ni dai a ganina babu harajin da ke cinye jarin talakan Zango kamar kuɗin hayar shekara biyu. Duk lokacin da mutum ya tara abin da zai ɗaga sana'arsa, sai wa'adin haya ya zo ya share shi, ya koma farko. Ina neman shawara, ina kuma son in ji ko ni kaɗai nake ganin haka.

Uwar Biyu mai wake da shinkafa:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne wallahi. Allah ya kawo mafita, ya ba Mma lafiya. Bari in sauke tukunya, ina da abin faɗa.

Malamin lissafi, Asawase:
Malam Tela, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da maganar rediyo, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. In an ce hauhawar farashi ta sauko zuwa kashi 8, ba ana nufin kaya sun yi araha ba ne. Ana nufin har yanzu suna hawa, gudun ne ya ragu. Abin da ka saya sidi 100 bara, bana 108 ne. Tsadar da ta taru a 2022 da 2023 tana nan daram, ba ta koma ko'ina ba. Kayan da ake shigowa da su da dala, irin yadi da shinkafa da man girki, su ne za su iya sassautawa in sidi ya yi ƙarfi. Ɗaki kuwa ba daga jirgin ruwa ake sauke shi a Tema ba. Farashinsa yana bin yawan masu nema ne da ƙarancin ɗakunan.

Sai doka. Dokar haya ta 1963, wadda ake kira Act 220, ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida. Laifi ne da kotu ke hukuntawa. Akwai ofishin Rent Control a nan Kumasi, aikinsu ke nan, su kira mai gida da ɗan haya su zaunar da su, har su tantance abin da ɗaki ya cancanta. Kuma haƙƙinka ne a ba ka rasit na duk abin da ka biya.

Ka duba mafi ƙarancin albashi na 2025, sidi 19.97 a rana. A kwana 27 na aiki bai cika sidi 540 ba. Wato wanda ke kan wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, kuɗinsa na wata ba zai biya hayar ɗakinka na wata ɗaya ba, balle a ce ya kawo na wata 24 a hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai abin da ya karkace.

Ɗan Nima:
Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Ghana. Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma dokar nan a takarda take kwance. Wa ka taɓa gani an ɗaure don ya karɓi shekara biyu? Maƙwabcina ya kai ƙara, an sasanta su, aka ce wata shida zai biya. Wata shidan na cika mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, yana bukatar ɗakin. Dokar ma ta bar masa wannan ƙofa. Ga shi labari ya riga ya zagaya unguwa cewa wane mai kai ƙara ne, babu wanda ya yarda ya ba shi ɗaki. Yanzu yana can bayan Kasoa, ƙarfe huɗu na asuba yake fitowa neman mota.

Bayan ƙidayar 2021 an ce gidajen da ƙasar nan ke bukata ba ta da su sun kai miliyan 1.8. In mutum goma na layi a kan ɗaki ɗaya, wanda ya ce wata shida zai biya ai ya cire kansa daga layi. Ga dillali kuma, kafin ya nuna maka ƙofa sai ka biya kuɗin tafiya, in an daidaita ya yanki kashi goma.

Mu nan Nima da Mamobi akwai ɗakunan da samari ke kwana bi da bi, masu gadi su kwanta da rana, masu kasuwa da dare. Da asuba ka ga layin banɗakin haya, kowa da butarsa da kuɗinsa a hannu. Can kuma Saglemi, an ciwo bashin dala miliyan 200 don gina gida 5,000, aka tsaya a wajen 1,500, suka yi shekaru ciyawa na cin su babu mai kwana a ciki. Duk lokacin da na tuna wannan sai zuciyata ta yi zafi.

Tela na Aboabo:
Yaya na Nima, abin da nake tsoro ke nan. Mai gidan nan a sahu ɗaya muke sallah. Ranar sunan 'yata ta biyu shi ya riƙe ragon. Ba zan iya kai shi ofis ba.

Baba mai goro:
Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. 'Ya'yana, ni mai gida ne, ɗaki goma sha huɗu mahaifinmu ya bari a tsohon Zango, da kuɗin goro ya gina su tun ana loda huhu zuwa Legas da Kano. Na ji kuna magana kamar mu masu gida ba mu da tsoron Allah. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku bari in faɗa muku namu.

Gidan nan mu goma sha ɗaya muka gada, yau da 'ya'yan waɗanda suka rasu mun haura talatin. Akwai zawarawa uku da marayu da ba su da abin ci sai hayar nan. Damina biyu da suka wuce ruwa ya kwashe katangar baya, kwanon ɗaki biyar ya ruɓe. Da me zan gyara? Kuɗin wata wata ba ya sayen kwano da katako. In ya shigo ɗari uku ɗari uku, kafin ka juya an ci shi a cefane da kuɗin makaranta.

Za ku ce in je banki. Ni ba na cin bashin ruwa, kuma ko da ina ci, a 2023 Babban Banki da kansa ya kai ruwansa kashi 30 cikin ɗari, to ina ga wanda zai ba ni? Sannan za su ce in kawo takardar gida. Takardar da sunan mahaifinmu take, wanda ya rasu shekara arba'in da suka wuce.

Za ku ce in riƙa tarawa. Na tara. Na zuba abin da na samu na shekara shida a wani ƙaramin kamfanin ajiya. A watan Mayun 2019 aka soke lasisin irinsu 347 rana ɗaya, nawa na ciki. Na yi zarya har takalmina ya cinye, da kuɗin suka fito ba su sayi rabin abin da za su saya da ba. Abokina da ya ce shi gwamnati kawai ya yarda da ita, ya sayi takardun lamuninta, sai ga Disamban 2022 an ce an sauya musu wa'adi, a jira shekaru. Kun ga tsofaffi 'yan fansho a ƙofar ma'aikatar kuɗi riƙe da kwalaye, har da tsohuwar babbar mai shari'a Sophia Akuffo. Tun daga nan na yi wa kaina alkawari, kuɗi in sun shigo hannuna, siminti da rodi za su koma a satin. Bulo ba ya narkewa.

Don haka in na ce shekara biyu, ba mugunta ba ce. Ban ce babu azzalumai a cikinmu ba, akwai su, masu ƙara haya don sun ji maƙwabci ya ƙara. Amma ɗana Tela, ka tambayi mai gidanka me zai yi da kuɗin. Mai yiwuwa akwai abin da ya taso masa.

Malamin lissafi, Asawase:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta buɗe mini ido fiye da abin da na karanta. In na fahimce ka, ɗan haya shi ne bankin mai gida. Tela zai ba da rancen wata 24 babu ko fesuwa a kai, a yi gini da shi, shi kuma kekensa ya tafi. Wanda ya fi kowa rauni shi ke ɗauke da nauyin gina gari, saboda bankuna sun fi son su ba gwamnati rance, ribar can ta fi tsoka kuma babu wahalar bin bashi. Muddin mai gida irin Baba ba shi da inda zai sami kuɗin gyara mai sauƙi, ko an sake rubuta dokar haya sau goma, wata shidan nan ba zai zauna ba.

Uwar Biyu mai wake da shinkafa:
Na dawo. Baba, na ji maganarka, kuma na yarda ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Amma bari in faɗi abin da ya same ni, don maganar ba ta tsaya a keke da jari ba.

Bara waccan na biya hayar shekara biyu, na kwashe komai har kuɗin buhun shinkafar da nake juyawa. Kwana goma sha tara da biya, Innata ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya mutu. Muka kwashe ta zuwa wani asibiti cikin dare. Katin inshorarta ya mutu wata biyar ban sani ba, hankalina duk yana kan haya. Gado kuɗi, hoton kai kuɗi, magani a rubuta maka takarda a ce je ka waje. Na tsaya a barandar asibiti da waya a hannu ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Kuɗina na nan a aljihun mai gida, na wata ashirin da uku da ban riga na zauna ba, amma ba ni da ikon taɓa sidi ɗaya a ciki. Firizar da nake sa sobolo da lamurje na sayar, da zoben aurena.

Inna ta tashi, alhamdu lillahi, tana jan ƙafa. Firiza har yau ban mayar ba. Abin da zan ce na ji sauƙinsa a 2025 shi ne cire harajin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da aka yi a Afrilu, don masu saye da yawa ta waya suke biya, da kuɗin mota da aka rage kashi 15 a watan Mayu. Amma a watan nan na Mayu aka ƙara kuɗin wuta, a Yuli kuma aka ɗora sidi ɗaya a kan kowace litar mai. Abin da aka ba ka da dama sai a karɓe da hagu.

Nas ta Tafo Zango:
Yaya Uwar Biyu, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Irin labarinki kusan kowane mako sai na gani a wurin aiki. Mai hawan jini ya daina shan magani wata uku saboda yana tara kuɗin ɗaki, sai a kawo shi a kwance. Maganin da zai riƙe shi bai kai kuɗin katin waya ba, jinyar shanyewar jiki kuwa sai ta cinye gida.

Don Allah jama'a, kowa ya danna *929# yau ya duba katinsa da na iyayensa. Ta MoMo ake sabuntawa, ba sai an je layi ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga 70 zuwa sama, da masu juna biyu, ba sa biyan kuɗin shekara irin na sauran mutane. Malam Tela, ka duba na Mma tun kafin ka shiga maganar haya. In kati ya daɗe a mace, ko an sabunta sai an jira wata guda kafin ya yi aiki, ciwo kuwa ba ya jira.

Game da biyan kuɗi alhali kana da kati, ga yadda abin yake. An kafa inshorar nan a 2003 zamanin Shugaba Kufuor don a kashe tsarin nan na sai ka biya kafin a taɓa ka. Kuɗinta daga harajin kashi 2.5 ne da kowa ke biya in ya sayi kaya, har wanda bai taɓa yin kati ba. A 2017 aka yi dokar da ta ba gwamnati damar yanke wani kaso daga irin waɗannan asusu ta yi wasu ayyuka. Sai asibitoci su yi watanni suna bin hukumar inshora bashi, masu kawo magani su daina kawowa, ga farashin da hukumar ke biya ya tsaya wuri ɗaya kasuwa kuma ta wuce. Cikon nan a kan majinyaci yake faɗawa. A kasafin 2025 an cire wa asusun lafiya wannan takunkumi, kuma a wajenmu mun fara ganin biya na zuwa da wuri fiye da da. Ina fata ya ɗore.

Masu ciwon ƙoda su suka fi ba ni tausayi. A 2023 da asibitin Korle Bu ya ce wankin ƙoda zai tashi daga sidi 380 zuwa 765 kowane zama, ƙasa ta ɗauki kuka, don mutum na bukatar zama biyu ko uku a mako. Daga Disamban 2024 aka sa wankin cikin inshora a cibiyoyin da aka amince da su. Wanda ke da mai wannan ciwo a gida ya je ya tambaya, kada ya zauna yana sayar da kaya.

Mai pragya na Sawaba:
Ku yi haƙuri iyaye, ni maganar aiki ce ke ci mini rai. Digiri gare ni. Na shiga NABCO, shirin gwamnati na ba masu digiri aikin wucin gadi, a 2018, sidi 700 a wata, aka ce daga nan za a ɗauke mu aikin dindindin. Shirin ya ƙare a 2022 ana bin mu da haƙuri kan kuɗin watanni. Yau pragya nake ja, wato keken haya mai ƙafa uku, na wani ne, kullum sai na kai masa balas kafin in ci. A 2023 kuma aka hana mu shiga tsakiyar gari inda fasinja yake. Shekarata 31, ina ɗakin mahaifiyata, yarinyar da nake nema ta gaji da jira an ba wani. Wa zai ba ni ɗaki? Shekara takwas aka yi ana mana wasa da hankali, har ma'aikatar Zango aka buɗe aka rufe. Yanzu ga sidi ya miƙe, ga shirin tattalin arziki na awa 24 an ƙaddamar a Yulin 2025. A ba Shugaba Mahama lokaci.

Ɗan Nima:
Ƙanena, ina jin zafinka, amma kada ka ɗora komai a kan jam'iyya ɗaya. Saglemi a zamanin wa aka fara? Kuma ƙarfin sidin nan, ka tambayi Malamin lissafi, zinariya ce ta yi tsada a duniya har ta haura dala 4,000 kowane oza a Oktoban 2025, ga bashin waje da aka dakatar da biya tun ƙarshen 2022 aka sake masa wa'adi, ga shirin IMF na dala biliyan 3 da waccan gwamnati ta sa wa hannu a 2023. Zinariyar nan kuma wani ɓangarenta daga ramukan da suka mai da kogin Pra da Ofin ruwan kunu take fitowa. Awa 24 ɗin, a unguwarmu ban ga wanda ya samu aiki ta dalilinsa ba tukuna. Abin da na gani shi ne watan Nuwamban 2025 a filin El-Wak na nan Ankara, matasa sun yi cincirindo neman shiga soja, shida suka rasu a turmutsutsu. 'Ya'yan mutane ne da suka fito neman abinci.

Mai pragya na Sawaba:
Allah ya jiƙansu. Ni ma na cike takardar, Yaya. Shekaru ne suka hana ni.

Mai kula da zaure:
Amin. Jama'a, zaɓe ya wuce, a bar jam'iyya a ƙofa. Malam Tela na da wata ɗaya a gabansa, a dawo kan maganarsa.

Malamin lissafi, Asawase:
Akwai shirin tallafin haya da Bawumia, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, ya ƙaddamar a Janairun 2023, yankin Ashanti na cikin inda aka fara. Su biya mai gida a dunƙule, kai ka riƙa biyansu wata wata. Tunanin daidai ne, don ya taɓa ainihin ciwon. Matsalar, sidi miliyan 30 aka fara da shi, in ka raba da irin kuɗin da ake nema wurin Tela bai kai gida 2,300 ba. Kuma suna son shaidar abin da ke shigo maka duk wata. Mai albashi na da takarda, tela da mai wake da shinkafa ba su da ita. Ga ruwa a kai. Haka gidajen Asokore Mampong da ke nan kusa da mu, an fara su zamanin Kufuor, sai bayan shekara goma da ɗoriya hukumar fansho ta SSNIT ta kammala, da aka sa musu kuɗi kuma babu ɗan Aboabo mai sana'ar hannu da zai iya tunkara.

Yayarku ta Bronx:
Ina biye da ku daga Amurka, yanzu na taso daga aikin dare. Ƙanena Tela, da a bara ne da na ce ka turo lambar MoMo. Gaskiya mu ma abin ya taɓa mu ta wata fuska. Dala 100 da nake turo wa gida tana ba su sama da sidi 1,500 a farkon 2025, kafin ƙarshen shekarar ta dawo wajen 1,100, cefane kuma bai ragu haka ba. Gida uku nake riƙewa. Ba na baƙin ciki da ƙarfin sidi, ƙasarmu ce, amma a san cewa gidajen Zango da yawa da kuɗin 'ya'yansu na waje suke biyan haya.

Masu cewa a sayi fili a huta, su yi a hankali. Na sayi fili a bayan gari, na tura kuɗin bulo, da ƙanena ya je ya tarar wani ya riga ya zuba harsashi, shi ma da takardarsa daga gida ɗaya. Filin sarauta ba sayarwa ake yi ba har abada, haya ce ta shekaru, kuma in ba ka bi ta hukumar filaye ka bincika ba, sai ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Duk da haka zan sa hannu da abin da ya sawwaƙa in an tsayar da magana.

Malam na makarantar allo:
Bismillah. Alhaji mai goro ya faɗi uzurinsa, 'yan haya sun faɗi nasu, kowa na da gaskiya a bakinsa. Ni abin da ke damuna namu ne na cikin gida. Kujerar Hajji ta sauko daga sidi 75,000 a 2024 zuwa 62,000 a 2025, kuma akwai masu komawa karo na uku da na huɗu. Kujera ɗaya ta nafila za ta biya wa gida huɗu irin abin da ake nema wurin Tela. Ga abin da muke kashewa a biki da sadakar arba'in, anko kala uku, rumfa ta tare titi. Ban ce haramun ba ne. Amma wane masallaci ne a Zangon nan yake da asusun rance marar ruwa, wanda zai biya wa magidanci haya a dunƙule ya riƙa mayarwa wata wata? Adashi mun iya shi tun kakanni, amana ce kawai da littafi da mutum uku masu sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zan kai maganar gaban limaminmu ranar Juma'a, wanda ke Asawase da kewaye ya tsaya bayan sallah.

Wannan ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Haraji muke biya, a kan kowane sabulu da kowace litar mai.

Baba mai goro:
Malam ya yi gaskiya. Ɗana Tela, kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je da maganar doka a bakinka. Turo wa jikata sunan mai gidan ta akwatin sirri. In ɗan Aboabo ne na da, da wuya in ban san mahaifinsa ba. Gobe bayan la'asar sai mu tafi tare.

Tela na Aboabo:
Jama'a, ga yadda aka yi. Jiya Baba ya zo da sandarsa, a pragya ɗin ƙanenmu na Sawaba, wanda ya ƙi karɓar ko fesuwa. Ashe kuwa sun san juna, mahaifin mai gidanmu a hannun mahaifin Baba ya koyi ɗaurin goro. Sun fi rabin awa suna tuna mutanen da kafin a zo kan magana.

Da Baba ya tambaye shi abin da ya taso, sai ya kai mu bayan gida ya nuna mana ramin banɗaki. Ya cika, bango ya tsage, jami'an tsafta sun ba shi takarda sau biyu. Shekara tara ina gidan ban san an kawo takardar ba. Ga 'yarsa ta sami gurbin karatun jinya, ana neman kuɗi kafin ƙarshen wata.

An tsaya a kan sidi 500 a wata. Zan ba da na shekara ɗaya yanzu, 6,000, bayan nan kuma wata uku uku. Malamin lissafi ya rubuta mana yarjejeniya, kowa ya sa hannu, Baba ya yi shaida, an ba ni rasit, karo na farko tun da na shiga gidan. Har yanzu ya ninka abin da doka ta ce, na sani, kuma saura 3,000 a hannuna ba za su sayi keken ba. Azumin bana ma Alabar zan ci gaba da kai aiki. Babban yaron shagona na gaya masa gaskiya, ya ce zai ƙara haƙuri zuwa babbar sallah, in bai ga hanya ba zai tafi Ankara wurin kawunsa.

Anti Nas, na danna lambar. Katin Mma ya mutu tun watan Yuni, na sabunta da daren nan. Malam, ina nan zuwa ranar Juma'a, kuma a rubuta sidi 200 daga wurina a shafin farko na littafin.